Kana da Sauran Magana?

Ni mutumin ƙasar Bebeji ne, daga wani ɗan ƙauye wanda in ka hau tudun bayan gidanmu da hantsi za ka hango ƙyallin ruwan Bagauda. Yau lauya ne ni, ina da ɗan ofis mai ɗaki guda a Kano, amma a garinmu har gobe tsofaffi yaron guga suke ce mini, kuma ba na jin haushi. Wani ƙanina da ya sami gurbin karatu a jami'a bana ya tambaye ni yadda aka yi na bi wannan hanya. Na fara ba shi labari a zaure bayan sallar isha'i, dare ya raba ban kai rabi ba. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta.

Labarin ya girme ni, don da gona ya fara. A farin 1984 ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, rumbuna suka zama wayam. Baba yana da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, ga tsohuwarsa. Sai ya jinginar da gonarmu ta bakin rafi ga wani mai hali na garin da ke maƙwabtaka da mu, a kan buhu huɗu na dawa da 'yan kuɗi kaɗan. Ba a rubuta komai ba. Wa yake rubutu tsakaninsa da mutumin da suke haɗuwa a sahu ɗaya ranar Juma'a? Shaidu biyu ne, limamin garinmu na wancan zamani da wani kawun Baba. Magana ɗaya aka yi: ranar da Allah ya hore, a mayar da abin da aka karɓa, gona ta dawo hannun mai ita.

Mai halin ya rasu, 'ya'yansa suka raba gado har da gonar. Shekara goma sha uku Baba ya yi yana tari, yau a sayar da akuya, gobe rashin lafiya ta cinye kuɗin. Da ya haɗa ya je, suka ce su dai abin da suka sani ubansu saye ya yi. Dagaci ya zaunar da su sau biyu abin ya gagara, aka tafi kotu.

Ina da shekara takwas ranar da aka yanke hukunci, a bayan kekensa na je. Abin da na fi tunawa shi ne wani mutum sanye da baƙar kwat a tsakiyar zafin bazara, gumi yana bin wuyansa, ya jera littattafai a gabansa. Yana magana da Hausa, sai ya tsoma Larabci, sai ya tsoma Turanci. Kalma ɗaya ya yi ta maimaitawa, hauzi. Wai wanda ya riƙe gona shekara goma yana nomawa, mai ita yana gani bai ce uffan ba, to ta zama tasa. Liman ya riga ya rasu. Kawun Baba kuwa tsufa ya cim masa, da aka tambaye shi sai ya ce jingina ce, da mai kwat ya juya tambayar sai ya ce shi dai ya ga an auna dawa. Can alƙali ya dubi Baba ya ce, "Malam, kana da sauran magana, ko wata hujja, kafin in yanke hukunci?" Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na bar su da Allah."

A hanyar komawa bai hau keken ba. Turawa ya yi ta yi, ina binsa a baya, har gida. Daga ranar, in aka ambaci lauya a gidanmu sai Baba ya tofar da yawu gefe.

To, ka ji mutumin da Allah ya kawo wa makarantar lauyoyi har bakin ƙofa.

Wurin da makarantar take a da otal ne. Zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka datse ruwan Tiga da na Bagauda, aka gina otal a bakin tafkin, aka sa masa sunan Bagauda, sarkin Kano na farko. Baba ya taɓa yin aikin ban ruwan furanni a can yana saurayi, yakan ba mu labarin Turawa da manyan gwamnati da ke zuwa hutu. Daga baya otal ɗin ya mutu, ciyawa ta cinye shi. Kwatsam aka ce an mayar da shi reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya. Mutanenmu suka ce an kawo makarantar koyon ƙarya. Amma da motoci suka fara sauke samari da 'yan mata daga Legas da Inugu da Fatakwal, kowa da ƙatuwar jaka, sai ciniki ya buɗe. Masu acaɓa suka samu, masu kifi suka samu, mata masu ƙosai da awara suka samu. Mu yara kuma muka samu wanki da guga, domin ɗalibin wannan makaranta ba ya shiga aji sai da farar riga da baƙin wando ko siket, kullum ta Allah, ga ƙurar hunturu ba ta raga wa farin kaya.

Ina ƙaramar sakandare na fara. Baba bai so ba, amma Inna ta ce kuɗin wanki ba shi da laifi, datti ake cirewa. Dutsen guga na gawayi nake amfani da shi, irin mai zakara a ka. Na ƙware har ana layi a wurina, don karin da nake fitarwa a hannun riga kamar ya yanka mutum.

Wata rana da daddare wani ɗalibi Bayerabe ya kawo mini sabuwar riga, ya ce lallai da asuba yake so. Iska tana kaɗawa, fitilar ƙwai ta ƙi zama. Ina fifita gawayi sai tartsatsi ya faɗa daidai aljihun gaba, ya huda ta kamar girman ƙwandala. Ban yi barci ba. Da safe na kai masa jikina yana rawa, na san kuɗin rigar ya fi abin da nake samu a wata. Ya ɗaga ta ya duba, ya kira abokan ɗakinsa, suka yi ta Turanci suna dariya. Can wani Bakatsine a cikinsu ya ce mini, "Yaro, zauna. Ya kai ka ƙara, ni ne alƙali." Ya ɗora tawul a ka ya hau gado ya harɗe. Bayeraben ya tsaya ya zuba bayani, Bakatsinen yana mayar mini da Hausa. Da ya gama sai alƙalin wasa ya gyara murya ya ce, "Wanda ake ƙara, kana da sauran magana?"

Gabana ya faɗi, don na san tambayar. Ban san daga inda ƙarfin hali ya zo mini ba. Na ce ina da ita. Na ce na gaya masa ba na guga da dare in ana iska, shi ya matsa. Na ce makon jiya ya manta naira ɗari biyar a aljihun wando, na dawo masa da ita, a tambaye shi. Ɗakin ya kaure da ihu. Bayeraben ya dafe kai ya ce gaskiya ne. Aka yanke mini gugar mako guda kyauta, shi kuma aka ci shi tarar kwalbar lemo, ni na sha. Da Bakatsinen zai bar makaranta ya ba ni tsohon kundin tsarin mulkin 1999, duk ya sha jan biro, ya ce, "Kai lauya ne, guga kawai kake yi kafin lokaci." Ban sake ganinsa ba, ko cikakken sunansa ban riƙe ba.

Sai da na gama sakandare na iya furta wa Baba abin da ke raina. Ya ce in dai shi ya haife ni, a'a. In yi malanta, in yi aikin asibiti, ko in zauna mu yi noma. Wata uku ba ya amsa gaisuwata da baki, sai da ka.

Wanda ya kwance ƙullin wani kawun Inna ne, tsohon muhuti, wanda ya yi aiki a kotunan alƙalai tun zamanin En'e. Inna ce ta aika masa a ɓoye. Ya zo a kan jaki, don ya ce babur yana girgiza masa ƙashi. Bayan an ci tuwo ya dubi Baba ya ce, "Kai kana tsammani karatun shari'a a makaranta baƙo ne a ƙasar Kano?" Ya shiga ba da tarihi, ni ina raɓe a bakin zaure. Ya ce tun ƙarshen shekarun 1920 akwai makarantar Shahuci a birni inda ake koyar da masu aikin alƙalanci. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar shari'a ta lardunan Arewa a Kano, aka ɗauko shehunnai daga Sudan suna karantar da fiƙihun Malikiyya a aji, da allo da jarrabawa. Ita ce a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. A can Shehu Abubakar Gumi ya yi karatu, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962. Ya ce, "Shekararmu ashirin da takwas muna da tamu kafin Legas ta buɗe tata." Ya yarda cewa a zamaninsu lauya ba ya tsayawa gaban alƙali. Amma ya ce wakilci yana cikin littattafanmu, mutumin da bai iya magana ba yana da ikon ya wakilta wanda ya iya. Sannan ya faɗi abin da ba wanda ya taɓa iya faɗa wa Baba: "Ranar nan da kana da naka mai kwat ɗin, da wataƙila yanzu a bakin rafi muke cin wannan tuwo."

Baba ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya kira ni ya ce ya yarda, da sharaɗi guda: kada in taɓa tsaya wa mai cin gonar wani, ko nawa zai ba ni.

Jarrabawar shiga jami'a ta kayar da ni sau biyu, Turancina na ƙauye ne. Sai na bi ta Kwalejin Shari'a ta Aminu Kano, wadda kowa ke kira Ligal, na yi difloma, daga nan na shiga Jami'ar Bayero a aji biyu. Ba zan tsaya kan wahalar wannan zamani ba, duk ɗan talakan da ya yi jami'a ya san garin kwaki da ƙuli. A 2013 malaman jami'a suka yi yajin aiki na kusan wata shida, na dawo gida na yi noman tumatir, kuɗin ya biya mini rajista. A waɗannan shekaru ne Mai Shari'a Dahiru Musdapher, mutumin Ɓaɓura, ya zama Babban Jojin Najeriya a 2011, bayansa kuma Mai Shari'a Aloma Mukhtar a 2012, mace ta farko da ta hau kujerar. Baba ya ji a rediyo, ya ce, "Ashe har da 'yan ƙauye irinmu." Ban gaya masa Ɓaɓura ta fi garinmu sau hamsin ba.

A Bayero shari'a biyu ake haɗa wa ɗalibi, ta Turawa da ta Musulunci. Da safe ka sha hukuncin wani alƙalin Ingila da ya mutu shekara ɗari da suka wuce, da rana ka buɗe littafin fiƙihu, Tuhfa ko Risala. A nan na san cewa kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, daga na Sudan aka tsara shi, shi kuma na Sudan daga na Indiya, kuma Babban Jojin Sudan na lokacin, Abu Rannat, shi ya shugabanci kwamitin masana da ya ba da shawarar a 1958. Na tuna tsohon muhuti, na ce ashe hanyar Sudan ba sau ɗaya aka bi ta ba.

A aji huɗu aka zo babin hauzi. Malam ya ce shekara goma ce tsakanin bare da bare, tsakanin dangi kuma ta fi haka nesa. Sai ya ƙara da cewa hauzi ba ya hawa kan abin da ya shiga hannun mutum ta hanyar aro, ko haya, ko amana, ko jingina, ko shekara nawa ya yi. Biro ya faɗi daga hannuna. Ranar Juma'a na hau mota na tafi gida, tun daga ƙofa nake cewa, "Baba, gonarmu za ta dawo!" Wannan shi ne babban wautar da na yi a rayuwata. Ɗan karatu kaɗan ya fi jahilci haɗari. Tsoho ya riga ya binne abu, na je na tone masa. Daga ranar ya fara zagayawa ta bakin rafi da yamma, yana tsayawa daga nesa.

Digiri kaɗai ba ya mayar da mutum lauya a Najeriya, sai ya yi shekara guda a makarantar lauyoyi ya ci jarrabawarta. Kuɗin shiga a lokacinmu ya kusa naira dubu ɗari uku, ban da kwat da littattafai. Inna ta sayar da san da take kiwo, 'yan'uwa suka yi karo-karo, har masu acaɓar bakin ƙofar makaranta sai da suka haɗa mini wani abu a leda. Ba kai kake da ta cewa a kan reshen da za a tura ka ba, wasu abokaina aka jefa su Yenagowa, wasu Yola. Da sunaye suka fito a ƙarshen 2017, na duba, Kano. Wato Bagauda.

Ranar da na shiga da jakata, tsohon mai gadin ƙofa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yau ina ƙullin wankin?" Na ce, "Baba, yau nawa na kawo." Ya rungume ni yana hawaye.

A makon farko aka ba mu tarihin makarantar. Kafin 'yancin kai duk mai son zama lauya sai ya tafi Landan, ya yi karatu a can, ya dawo da dokar Ingila a ka, bai san ta ƙasarsa ba. A 1959 gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Antoni Janar na lokacin, Unsworth, ya ba da shawarar a riƙa horar da lauyoyi a gida. Aka yi dokar a 1962, a watan Janairun 1963 aka fara karatu a wani gida a titin Igbosere a Legas, da ɗalibai takwas. Takwas! Mu kuwa a zauren Bagauda kaɗai ɗaruruwa ne, in ka zauna a baya sai da lasifika kake jin malami. A 1997 hedikwata ta koma Bwari kusa da Abuja, aka bar Legas a matsayin reshe, aka buɗe wasu a Inugu da Kano, daga baya Yenagowa da Yola.

Karatun can ba irin na jami'a ba ne. A jami'a ana tambayarka mece ce doka, a nan ana tambayarka wace takarda za ka rubuta, wace kotu za ka kai ta, cikin kwana nawa. Darussa biyar ne: yadda ake gudanar da shari'ar laifi, yadda ake gudanar da ƙarar da ba ta laifi ba, harkar filaye da gidaje, harkar kamfanoni, sai ladubban aikin lauya. Da safe ka dangwala yatsa a na'ura don a san ka zo, ka zauna har la'asar ta kusa, da dare kuma rukuninku ya haɗu ku shirya aikin gobe, domin malami yana iya kiran lambarka a gaban kowa. Darasin kamfanoni shi ya fi ba ni wuya. Mutumin da bai taɓa ganin takardar hannun jari ba, an ce ya tsara yadda kamfani biyu za su haɗe. Na haddace shi ne kamar yadda yaro ke haddace karatun allo, ba fassara.

Sai kuma cin abincin dare na ƙa'ida, sau uku, wanda in ba ka halarta ba ba za a kira ka lauya ba. Al'ada ce da aka gado daga Landan. A sa baƙar kwat, a zauna a jere, manyan alƙalai da lauyoyi a teburin sama, ba mai ɗaga cokali sai sun ɗaga. A na farko na tasa cinyar kaza da wuƙa da cokali mai yatsu, na danna, ta yi tsalle ta sauka a cinyar wata 'yar Kalaba da ke gefena. Ba ta ko juyo ba, ta sa adiko ta rufe ta, muka ci gaba da zama kamar ba a yi komai ba. Da yunwa na kwana. Har yau in mun yi waya sai ta tambaye ni ko kazar ta sauka.

A watan Disambar 2017 ne aka hana wata 'yar'uwa daga Ilori shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabi. Muhawara ta kaure a ɗakunan kwana, Musulmi da Kirista, kowa yana jawo sashe na 38 na tsarin mulki, mai magana a kan 'yancin addini, yana fassara shi yadda ya fahimta. An yi zafi, amma ban ga wanda ya zagi wani ba, kowa so yake ya kayar da ɗan'uwansa da hujja. A shekarar da ta biyo aka rantsar da ita da hijabinta.

Akwai abin da nake jin kunyar faɗa. Watannin farko ɓoye asalina na yi. In yaran wanki suka shigo, 'ya'yan maƙwabtanmu, sai in kau da kai. Wata rana wani ƙaraminsu ya hango ni cikin abokai ya ƙwala, "Yaya, Inna ta ce a kawo maka fura ko ka ƙoshi?" Aka yi tsit. Na ce ya kawo, da yawa. Daren nan na ba su labarin rigar Bayerabe, muka sha fura mu bakwai. Daga ranar na zama mai raka 'yan Kudu kasuwa, ina yi musu ciniki.

Ranar da ta karya ni kuwa a darasin ƙararraki ta zo. Malama tana bayanin ƙa'idar da ta ce duk maganar da kotu mai hurumi ta yanke tsakanin mutum biyu a kan abu guda, ba a sake tayar da ita, sai dai a ɗaukaka ƙara, ita ma cikin wa'adi. Na san ƙa'idar tun jami'a, amma ban taɓa yarda in ɗora ta a kan gonarmu ba. Da aka tashi na bi ta, na ce ina da tambaya a kan wani mutum. Ta saurara har na gama. Ta ce yaushe aka yi hukuncin? Na ce shekara ashirin. An ɗaukaka ƙara? A'a. Shaidun suna raye? Babu ko ɗaya. Ta ce kotu tana iya ƙara wa mutum lokaci in yana da ƙwaƙƙwaran dalilin jinkiri, amma shekara ashirin ba wasa ba ce. Ta ce in nemo kundin shari'ar, in an tsallake wani rukuni, wataƙila. Sai ta dube ni ta ce, "Mutumin nan babanka ne ko?"

Da aka tura mu zaman koyon aiki a kotuna da ofisoshin lauyoyi, na saci kwana biyu na tafi kotun da aka yi shari'ar. Wani dattijon ma'aikaci ya buɗe mini ɗakin ajiya, ƙura da kashin jemage, gara ta ci rabin kundayen. Fatana ɗaya ne. A fiƙihun Malikiyya akwai abin da ake kira i'izari, wato tambayar ƙarshe da alƙali zai yi wa wanda hukunci zai hau kansa, ko yana da sauran hujja. In ba a yi shi ba, hukuncin yana iya rushewa. Da la'asar ta biyu na samo shafin, da shuɗin biro, gefensa ya cinye amma rubutun yana nan. An rubuta cewa an yi wa mai ƙara i'izari, ya ce ba shi da sauran magana, ya bar wa Allah.

Na zauna a ƙasa cikin ƙurar nan da farar rigata. Ai ina wurin aka yi.

Na sami Baba a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa. Na gaya masa komai, ban rage ba. Bai daina ɓara ba. Can ya ce, "To da na yi magana fa, me zan ce?" Na ce da ya nemi a ɗaga zama ya kawo waɗanda suka ɗauki buhunan dawar, da matar da ta auna, da duk wanda ya taɓa jin marigayin ya kira gonar jingina, a lokacin da yawansu suna raye. Ko bayan hukunci ma, da ya je kotun sama cikin wa'adi. Ya watsa ɓawon da ke hannunsa ya ce, "Ashe tambaya ce ta gaske. Ni na ɗauka irin sallamar nan ce da ake yi wa mutum in an gama da shi." Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Tashi ka koma makaranta, kada a rufe ƙofa." Bai ƙara bi ta bakin rafi ba.

Jarrabawar ƙarshe kwana biyar ce a jere, kullum darasi guda, kuma a lokacinmu darasin da ka fi rauni a ciki shi ke yanke darajar sakamakonka. Kamfanoni suka ja ni ƙasa, na fita da daraja ta ƙarshe, amma na fita. A ƙarshen 2018 aka rantsar da mu a Abuja, na sa hular gashin nan da baƙar alkyabba, na sa hannu a kundin lauyoyi na Kotun Ƙoli. Baba bai je ba, ya ce tafiyar ta yi masa nisa. Da na dawo ya karɓi hular ya jujjuya ta, ya shinshina, ya ce wannan ko tunkiya aka ba ta sai ta yi tunani. Yanzu tana cikin adakar Inna in ba na aiki da ita, wai kada ɓera ya ci.

Yawancin aikina a yau na gado ne da filaye, kuma na riƙe sharaɗin Baba, ko da yake ya sa na mayar da kuɗin da in na tuna su nakan yi tsaki. Duk wanda zan shiga kotu da shi, tun a waje nake gaya masa cewa akwai tambayar da alƙali zai yi masa a ƙarshe, kada ya kuskura ya amsa ta da tawakkali. Juma'a biyu a wata ina gida. Bayan an sauko daga masallaci nakan zauna a zauren dagaci da takarda da biro, duk mai cinikin gona ko aro ko rabon gado ya zo in rubuta masa da Hausa, kyauta, a karanta a gaban kowa, a dangwala. Malamai suna da magana a kan cin amfanin gonar jingina, nakan faɗa wa mutane, amma wanda yunwa ta koro ba ya tsayawa jin fatawa, gara dai a rubuta.

A daminar bara wani maƙwabcinmu ya zo zai jinginar da gonarsa don a yi wa matarsa aiki a asibiti. Na rubuta sunaye da iyakoki, gabas da yamma, kudu da arewa, da adadin kuɗi. Aka ce ana neman shaida na biyu. Sai na ji muryar Baba daga bayan zaure, ban ma san ya shigo ba, ya ce shi zai yi. Ya matso da sandarsa ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya ce ina wurin da aka sa jingina? Na ɗora yatsansa a kan kalmar. Ya ce, "Ƙara rubuta ta a ƙasa, da manyan baƙi." Na rubuta. Sannan ya miƙo babban yatsansa aka shafa masa tawada.